Wa Ya Binne Daudu?

Haladu Roni ya je yaƙin Bama, ya dawo da kunne ɗaya da ba ya ji, da takarda guda a cikin gwangwanin taba. Kunnen bai taɓa damunsa ba, don shi yake juya wa masu yawan surutu. Takardar ce ta zame masa ƙarfen ƙafa.

Takardar sallama ce, wadda aka ba shi a barikin Zariya ranar da aka ce kowa ya koma gidan ubansa. Haladu bai yi boko ba. Ya ga hatimi, ya ga sa hannun Bature, sai ya naɗe ta a tsumma ya adana, yana ganin duk abin da idonsa ya gani a duniya yana ciki: jirgin ruwa, da teku, da dajin gora, da matsattsakun da ke shan jinin mutum ta cikin takalmi, da kabarin ƙanensa Daudu.

Tare aka ɗebe su daga Roni, shi da Daudu, lokacin da Turawa suka ce kowane hakimi ya kawo samari. Shi kaɗai ya dawo. Ya tarar da mahaifiyarsu da sauran numfashi, ya durƙusa ya gaya mata cewa shi da hannunsa ya yi wa Daudu wanka, ya sallace shi, ya sa shi a ƙasa yadda ake sa Musulmi. Da wannan magana tsohuwa ta rasu, hankalinta kwance. Yayarsu Adda Shatu, wadda ke aure a Gwiwa, ita ta gaji labarin. Duk sallah in ya je gaishe ta, sai ta dama fura ta ajiye masa, ta ce, “Haladu, sake gaya mini.” Ya sake, tun daga shiga jirgi a Ikko har zuwa bakin kabari. Ta yi kukanta, ta share hawaye da bakin zane, a rabu lafiya.

Sai ga shekarar samun ’yancin kai. Aka ce tsofaffin sojoji za su yi fareti a Kazaure, waɗanda suka ƙetare teku su ne a sahun gaba. Babu wanda ya sa Haladu, son a sani ne kawai ya kai shi. Ya ɗauko gwangwaninsa ya tafi Gwiwa, ya miƙa wa ɗan Adda, Muhammadu Lawal, wanda ya zama malamin makaranta, ya ce ya karanta da ƙarfi kowa ya ji. Har maƙwabta sai da ya sa aka kira.

Muhammadu Lawal ya karanta suna, ya karanta lamba, ya karanta inda aka ce halinsa mai kyau ne. Daga nan ya tsaya, yana jujjuya takarda.

“Ci gaba mana,” in ji Haladu. “Ka zo wajen Bama.”

“Kawu, wurin aikin ƙasar waje layi aka ja. Wurin lambobin yabo ma layi ne. Ba a rubuta ka fita Nijeriya ba.”

Allah kaɗai ya san abin da ya faru a Zariya ran nan. Wataƙila akawu ne ya gaji, ga ɗaruruwan mutane a rana kowa na son tafiya gida, hannunsa ya saba da jan layi ya ja wa Haladu. Da alƙalami ɗaya ya kwashe shekarun da mutum ya yi yana kwana cikin taɓo, ya tafi ya ci tuwonsa.

Ranar fareti a sahun baya Haladu ya tsaya, tare da masu dafa abinci da masu gadin sito. Kafin kaka, majalisar mai shayi ta Roni ta raɗa masa suna Ɗan Baman Zariya. Wannan duk bai kai masa zuci ba, ya san mutanen garinsu, ko liman bai tsira daga bakinsu ba. Abin da ya kashe masa jiki tambaya ce guda da Adda ta yi masa a ranar karatun, bayan mutane sun watse. Ba da faɗa ta yi ta ba. Tana tattara ƙwarya ta ce, “To Haladu, in ba ka je ba, wa ya binne Daudu?”

Sau ɗaya ta tambaya, ba ta ƙara ba. Daga ranar in ya je gaisuwar sallah furar tana nan, amma hirar ta koma ta damina da tsadar dusa. Ya rantse mata har ya gaji, ita kuma ba ta taɓa ce masa maƙaryaci ba. Cewa take yi, “Allah ya sani.” Da ma ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Akwai mutum ɗaya a raye da ya tsaya a bakin kabarin nan: Halliru, dillalin shanu a kasuwar Babura. Rundunarsu ɗaya, bargo ɗaya suka sha rufa da shi, kuma takardarsa shi cif take, da lambobinsa uku da yake gogewa da toka. Matsalar ita ce Halliru Babarbare ne, Haladu kuwa Bafillace. Tun kaka da kakanni tsakanin waɗannan biyu babu maganar arziki a gaban mutane, kowa cewa yake ɗayan bawansa ne. In suka haɗu a kasuwa har ciniki ake dakatarwa a saurare su. Duk wanda ya tambayi Halliru ko da gaske Haladu ya je Bama, amsa ɗaya yake samu: “Wannan? Ai ko rafin garinsu sai an goya shi.” Kowa ya san wasa ne, a yi dariya. Amma wasan da takarda ta goyi bayansa, in aka daɗe ana maimaita shi, sai ya fara kama da gaskiya. Haladu kuma ya gwammace ya mutu da ya je ya roƙi bawansa ya yi masa shaida.

Aka yi ta tafiya a haka har kuɗin mai ya shigo ƙasa, ’yan kasuwa suka fara sayen babura, gwamnati ta fara tuna mutanen da ta manta. Wata rana rediyo ya ce duk tsohon sojan da ke da kuskure a takardar sallamarsa ya kawo, za a gyara, a aiko masa da lambobinsa. Jami’i zai zauna a Kazaure. Sharaɗi ɗaya ne: a zo da shaida wanda aka yi aikin tare da shi.

Haladu ya haɗiye girman kansa, ya shiga motar kasuwa zuwa Babura. Ya ja Halliru bayan turken shanu inda babu mai jin su.

“Ba don lambar ba,” in ji shi. “Adda ta tsufa, idonta ya fara tafiya. Ina so Muhammadu Lawal ya sake karanta mata takardar nan tun tana ji. Don Allah, Halliru, ran nan ban da wasa.”

Halliru ya dube shi, ya ga idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, “Haba, ni yaro ne? Wallahi zan faɗa musu komai.” Kuma har ga Allah da niyyar haka ya faɗa.

Jami’in da aka turo soja ne mai muƙamin Staf, ana ce masa Staf Monday, mutumin can kudu ne ta bakin teku, ya ƙware da Hausar bariki. Mutum ne mai gaskiya, kuma gaskiyar ce ta sa ya zo a shirye, don tun da aka yi sanarwar nan ya ga masu dako da masu wanki sun zama jarumai, kowa da ƙaninsa a matsayin shaida. Ya kafa teburinsa a barandar ofis. Tsofaffin sojoji suka cika gindin darbejiya, ga ’yan kallo sun kewaye, don a Kazaure ran nan babu wani abin kallo da ya fi wannan.

Aka kira Haladu. Ya miƙe da tsohuwar rigar kaki wadda ta yi masa yawa, ya ƙame, ya sara. Halliru na biye da shi, lambobi uku na ƙyalli a kan babbar riga. Tun kafin su kai tebur wani daga cikin taro ya ɗaga murya, “Kai jama’a, ga Bafillace ya zo da ubangidansa!” Wani ya ce, “A’a, bawansa ya jawo!” Aka kwashe da dariya. Haladu ya ga kafaɗar Halliru ta motsa.

Staf Monday ya duba takardar Halliru, ya gamsu da ita. Ya ɗauki alƙalami, ya nuna Haladu, ya ce, “Baba, ka san wannan mutum?”

To, ina Babarbaren da za a yi wa wannan tambaya a gaban jama’a, ga Bafillace a tsaye a ƙame, ya iya riƙe bakinsa? Da wata tambayar aka fara, wataƙila da an wuce lafiya.

“Na san shi mana,” in ji Halliru. “Bawana ne. Ubana ya saye ubansa da ƙwaryar gero, ita ma ba ta cika ba.”

“Ya je Bama tare da kai?”

“Wannan? Ranka ya daɗe, dube shi fa. Ruwan da ya fi girma da ya taɓa gani shi ne na randar uwarsa.”

Gindin darbejiya ya kaure. Shi kuwa Haladu, wanda ya kwana yana roƙon Allah kada a yi wasa, bai san lokacin da bakinsa ya buɗe ba. Abin da ya saba yi shekara da shekaru shi ya fito. Ya ɗaga murya yadda taro zai ji, ya ce, “Kada ka saurare shi, Staf! Tun da aka halicci duniya Babarbare bai taɓa faɗin gaskiya ba. Wannan ko sallama ya yi maka, leƙa ka gani ko shi ne!”

Wani tsoho har da faɗowa daga benci. Sai da dariya ta lafa aka lura mutum ɗaya bai yi ta ba. Staf Monday rubutu yake yi, a tsanake, bai bar ko kalma ba.

Halliru ne ya fara farga. Ya matso, ya rage murya. “Ranka ya daɗe, wancan wasa ne. Ya je. Wallahi tare muka je, tare muka dawo.”

Staf ya ajiye alƙalami. “Baba, da bakinka ka ce bai taɓa ganin teku ba. Shi kuma da bakinsa ya ce kai ba ka taɓa faɗin gaskiya ba. Yanzu ka ce ya je. Wacce zan kai Kaduna?”

Mutane suka taso kowa na bayani, wannan na cewa al’ada ce, wancan na cewa ai ko a gaban sarki haka suke yi. Staf ya saurare su duka da ladabi. Ya ce ya yarda akwai al’ada, su ma a garinsu akwai tasu. Amma shi an aiko shi ya rubuta abin da shaida ya faɗa, kuma ya rubuta. Shaidan da ya faɗi magana biyu a zama ɗaya, doka ta ce a ajiye shi. “Ku yi haƙuri, Baba. Gwamnati ba ta wasa.”

Bayan ’yan watanni takarda ta dawo ta hannun hakimi. An gyara ta kam, don an yi ƙari. A ƙarƙashin tsohon layin an buga da tafireta cewa an bincika, shaida ya musanta, ga sabon hatimi mai shuɗiyar tawada. Da can akawu ɗaya ne ya ce Haladu bai je Bama ba. Yanzu gwamnati biyu ne suka faɗa, ta Bature da ta ’yan ƙasa. Wannan karon bai kai wa kowa ya karanta da ƙarfi ba, amma labari ya riga shi isa Gwiwa.

Bai zagi Halliru ba, don zagi ai shi ne zumuncinsu. Abin da ya yi masa ya fi duka ciwo. Da suka haɗu a tashar Kazaure, Halliru ya taho yana washe baki yana cewa, “Ina bawana?” sai Haladu ya ɗan rusuna, ya miƙa hannu biyu, ya ce, “Malam Halliru, barka da rana. Ya iyali? Ya kasuwa?”

Halliru ya tsaya kamar an watsa masa ruwan sanyi. Ya laluba aljihu ya ciro ɗaya daga lambobinsa, mai siffar tauraro, ya ce, “Karɓi. Wallahi ka fi ni cancanta.”

“Na gode, Malam Halliru. Taka ce, gwamnati ta san wanda ta ba. A gaida gida.”

’Yan tasha da suka taru don su sha dariya suka watse jiki a sanyaye. Shi kansa Haladu da ya shiga mota sai ya ji kamar ya sake binne wani.

Bayan an gama girbin dawa aka aiko masa cewa Adda ba ta da lafiya. Ya hau kekensa ya nufi Gwiwa, babu gwangwani a aljihu, don ba shi da abin nunawa. A ƙofar gida ya ga babur a jingine, da igiyar shanu ɗaure a bayansa. Ya shiga ya tarar da Adda a kan tabarma a inuwar ɗaki, ta rame, idanun sun yi fari. A gabanta Halliru ne a durƙushe, ya cire hula, abin da bai taɓa yi wa Bafillace ba tun da uwarsa ta haife shi. Haladu ya gaishe su, ya samu gefe ya zauna.

Halliru ya gyara murya, ya fara da wata irin murya ta masu wa’azi. “Adda Shatu, na zo in gaya miki tsakani da Allah. Ƙaninki Haladu jarumi ne. Ya je Bama. Ban taɓa ganin namiji mai zuciya irin tasa ba, mai haƙuri, mai riƙon amana…”

Adda ta fara dariya. Dariya sosai, har da tari. “Kai Babarbare, Allah ya shirye ka. Yau kuma da wannan ka zo? Jarumi! Wannan ta fi ta randar ma.” Ta share ido. “Na gode, ka sa ni nishaɗi. A kawo wa bawan nan ruwa.”

Halliru ya sake gwadawa, ya yi rantsuwa, ya ƙara yabo. Yana ƙarawa tana ƙara dariya, don a duk tsawon rayuwarta ba ta taɓa jin Babarbare ya yabi Bafillace ba sai in zolaya ce. Haladu ya sunkuyar da kai. Da mutumin nan ya yi wasa, gwamnati ta ɗauka gaskiya ce. Yau ya faɗi gaskiya, an ɗauka wasa ne.

Can sai ran Halliru ya ɓaci. Ya mayar da hularsa, ya zauna sosai, ya nuna Haladu da yatsa.

“To shi ke nan, ba jarumi ba ne! Wawa ne, kuma tun a can na san wawa ne. Wa ya taɓa ganin mutum ya haƙa kabari da kwanon cin abincinsa? Ga shebur a hannuna, ya ce kada kowa ya taɓa, ƙanensa ne. Ruwa na zuba, yana kwashe taɓo yana komawa, majina har haɓa. Ruwan shansa na gora ya juye ya yi wankan, ya kwana biyu yana lasar ganye. Likkafani babu, ya tuɓe bargonsa ya naɗe shi, shi ya sa na yi ta fama da ƙafafunsa masu sanyi a cikin nawa har muka bar dajin. Sallar ma fa? Ya tsaya gaba wai shi liman, ya yi kabbara uku, ta huɗu ta maƙale masa a wuya, sai kuka kamar ɗan maraƙi. Ni bawan Allah na ƙarasa masa!”

Dariyar Adda ta ɗauke tun a wajen kwano. Ta juyo da fuskarta inda muryar ke fitowa, ta ce a hankali, “Ina kuka fuskantar da shi?”

“Yawwa, ga wata wautar! Ya dage sai gabas, wai haka ake yi a Roni. A can fa an wuce Maka, alƙibla tana wajen faɗuwar rana. Wani malami Ba’indiye na nuna masa, yana musu. Sai da na ɗauke shi da mari sannan ya yarda muka juya shi.” Muryar Halliru ta sauka. “Da muka juya shi, malamin ya ce daga nan in ka miƙe, Maka ce a gabanka, in ka wuce ta kuma ƙasarku ce. Sai wannan sakaran ya ce to madalla, yana kallon gida ke nan. Ya sake ɓarkewa da kuka, muka ja shi muka tafi.”

Haladu bai taɓa gaya mata zancen kabbarar ba, bai taɓa gaya mata zancen marin ba. A labarinsa na kowace sallah shi mutum ne mai dauriya wanda ya yi komai daidai. Hawaye na bin kuncin Adda, ba ta share ba. Ta san ƙaninta. Jarumin da aka fara kawo mata ba ta san shi ba, amma wanda zai yi musu da malami a kan alƙibla, ya ƙi shebur, ya kasa ƙarasa salla, wannan ita ta goye shi.

Ta laluba gefenta ta jawo ƙwaryar furar da aka dama mata ta kasa sha, ta tura ta wajen da take jin numfashinsa.

“Haladu.”

“Na’am, Adda.”

“Sake gaya mini.”

Haladu ya ja majina, ya dubi Halliru da ke zaune a tsakiyar tabarma, ya ce, “Kai bawa, matsa can, wa ya ce ka zauna kusa da iyayen gidanka?” Halliru ya matsa da sauri, bakinsa har kunne.

Takardar tana can Roni cikin gwangwani da hatiminta biyu, kuma har Haladu ya koma ga Allah ba a sake taɓa ta ba. Ya kurɓi fura, ya goge baki, ya ce, “Daga Ikko muka shiga jirgi…”

“Shiga?” in ji Halliru. “Jan sa muka yi, yana tirjewa yana kiran Inna.”

Adda ta gyaɗa kai. Ta ce, “Haladu ke nan. Ci gaba.”